Awon Fawa

Ranar Laraba, dab da la'asar,
ina tsakiyar haɗa katin ɗaurin auren mutanen Gawon Nama,
sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.
Allo ya yi baƙi,
ƙaurin roba ya cika shago,
fanka ta juya sau biyu, ta haƙura.

Na rungume akwatin a bayan kabu-kabu
har wurin Sahabi mai gyara,
wanda ke tara kusoshi a gwangwanin madara.
Ya buɗe, ya sansana, ya ce:
"Kuluwa, fawa ta tahi."
Na ce, yaushe mahauta suka shiga kwamfuta?
Bai yi dariya ba. Ya ciro wani ƙaramin gida na ƙarfe,
wayoyi na reto kamar kayan ciki.
"Wanga shi ka raba wuta.
Mi kika ƙara mata?"

Katin hoto ne, wata biyu ke nan,
don furanni su daina rarrafe a kan allo.

Ya yage bayan kwalin sabulu,
ya zaro biro daga hula.
Ƙwaƙwalwa, in aiki ya yi zafi, wat ɗari da ashirin.
Baƙon da na kawo, shi kaɗai, ɗari da saba'in,
ci kamar bai karya ba.
Uwar allo, ram, faifai biyu, fankoki uku,
a ba su sittin su raba.
Ya ja layi: ɗari uku da hamsin.
Ya juyo mini da cikin mamaciyar,
ɗari uku aka rubuta.
Ashe wata biyu tana nishi,
ni ina cewa wutar unguwa ce.

Na hango wata a kanta, kwali na walƙiya,
ɗari takwas da manyan baƙaƙe,
kuɗinta bai kai na atamfa ba.
Na ce waccan.
Ya ɗora mini ita a tafin hannu,
sakayau, kamar sabuwar ƙwarya.
"Bar babban rubutu, duba ƙarami,
layin bolt sha biyu.
Amfiya nawa?" Sha takwas.
"Riɓa." Na riɓa a kan yatsu har da gaɓoɓi:
ɗari biyu da sha shida.
Sauran duk kirari ne.

Sannan ya sauko da baƙa, marar ado,
ɗari biyar da hamsin,
mai nauyin ɗan dutsen niƙa.
Arba'in da biyar sau sha biyu,
wannan karon lissafi ya yi kusa da bakinsa.
Ya ƙirga haƙoran soket, takwas, daidai da katina.
Na ce, ɗari uku da hamsin nake bukata,
rarar ɗari biyun ta wace ce?
Ya nuna waje da haɓa,
inda rana ke narkar da kwalta.
"Ta bazara ce."

Sai na tuna Baba Ladan
yana ɗora wa raƙumi albasa a Kware.
In kaya sun yi daidai, sai ya sauke buhu guda.
Mu ce, ai yana iya ɗauka.
Ya ce yana iyawa,
amma akwai yashi a gaba, akwai kuma gobe.

Kuɗin hannuna rabi suka kai.
Sahabi ya rubuta sauran a ƙarƙashin jimilla,
lamba ta ƙarshe a kwalin sabulu,
wadda ba wat ba ce.

Mutanen Gawon Nama sun yi mita,
katin ya fito ranar Juma'a da hantsi.
Kwalin yana nan liƙe a bango, kusa da kalanda.
Wani lokaci, in rana ta take,
nakan kai hannu bayan akwatin
in ji iskar da ke fita.
Ɗumi-ɗumi take, ba ta gaggawa.